SAƘAR ADO: JAWABI GA ƊALIBAN CIBIYOYIN AFALA

Ga jawabin da anka karanta ma ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci na karkarar Afala, maza da mata, bayan an gama aikin kaka. An buga shi nan domin sauran cibiyoyi su karanta, su yi mahawara bisa gare shi.

Samari da ƴammata, ku matso kusa, don maganar yau ta fi shafarku.

Maganar yau maganar saƙa ce. Kowa ya san masaƙi. Amma saƙa iri biyu ce. Akwai saƙar fari, wadda ake yi don sutura. Akwai kuma saƙar ado, wadda ake yi da zare launi launi, a fid da zane cikin jikin tufa. Ita ce ake shimfiɗawa bisa gadon amarya, ko a rataya ga bango don ƙawa. Wagga ta biyu ita ce abin magana.

TSOHUWAR SANA'A CE

Saƙa ba baƙuwa ba ce ga ƙasashen nan. Can ƙasar Mali, cikin kogunan dutsen Banjagara, masu bincike sun tarar da tufafin da anka saƙa ƙwarya ƙwarya, anka ɗinke, kamar yadda ake yi yau. Waɗansu sun kai shekara 900 ko fiye.

Cikin shekara ta 1851 wani Bajamushe mai yawon duniya, sunanshi Barth, wanda mutane ke kira Abdul Karimu, ya sauka Kano. Ya biyo ta Agadas da Tasawa da Katsina. Ya rubuta cewa babban arzikin Kano shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta kuɗɗin tufafin da Kano ke fitarwa duk shekara, ya ce sun kai wuri miliyan 300. Tufafin nan suna zuwa Gat da Murzuk da Tarabulus, suna zuwa har Tumbutu. Garin Kura, kusa da Kano, ya yi suna ga turkuɗi, baƙin rawani mai ƙyalli wanda Buzaye ke naɗawa. Mutanen Adar sun san shi sarai, don ta kasuwanninsu yake bi zuwa Azawak.

Nan Adar ma tsofaffi sun san zamanin da kusan kowace mace tana da mazari. Kaɗa tana fitowa daga fadamu. Mace ta gurje ta bisa dutsi, ta shiɓe ta da baka, ta shafa alli ga yatsa, ta yi kaɗi. Zare mai kauri shi ne abawa. Siriri mai ƙarfi shi ne na tsaye. In zare ya taru, sai a kai ma masaƙi. Budurwa ba ta zuwa ɗakin miji sai da zanen da uwarta ta kaɗa zarenshi.

SAƘAR ADO TA MAƘWABTA

Kowace ƙasa da irin tata gwaninta.

Zabarmawa suna da bargon aure wanda suke kira tera-tera. Da zaren kaɗa ake yin shi. Ana saƙa ƙwarya ƙwarya, kowace da zanenta, sannan a haɗa. Uwar amarya takan yi tanadin shi tun da nisa, don shi ne mutuncin kayan ɗaki.

Wajen Tilaberi akwai bargo mai suna kunta, na gashin tumaki. Dalili shi ne can bakin kogin Kwara akwai tumaki masu ulu, waɗanda ake kira kundum. Tumakin Adar, irin su uda da balami da ara-ara, gashinsu gajere ne, ba shi kaɗuwa. Don haka masaƙin Adar ya fi dogara ga kaɗa da zaren kanti.

Fulanin Masina, cikin Mali, suna da masaƙa na gado, ana ce musu mabuɓe. Su ke saƙa kasa, bargon sanyi na makiyaya. Su ke saƙa arkila, dogon labule wanda ake ratayawa gefen gadon amarya. Wani ya fi mitir 4 tsawo. Sunan ya fito daga kalmar Larabci mai nufin gidan sauro. Mai arkila yakan sauke masaƙi gidanshi, shi ciyar da shi har aiki shi ƙare.

Ƙasar Hausa tana da luru da gwado da saƙi da barage. Mata kuma suna da tasu masaƙa ta tsaye, wadda ake jinginawa ga bango cikin gida, tana fid da zane mai faɗi gaba ɗaya. Kada a manta da tabarmin Madawa, na kaba mai launi, da shingen kara da fata wanda matan Buzaye ke saƙawa don kewaye cikin tanti. Duk hikima ɗaya ce: shirya launi, ƙidaya, da haƙuri.

ƘAƘA AKE FID DA ZANE?

Ku duba masaƙi in shina aiki. Ya yi wadari, ya miƙe zaren tsaye, ya ɗaure ƙarshenshi ga kunkuru, wato dutsin da ke jan zare. Shina taka ƙafa, andira tana buɗa zare, shina jefa ƙoshiya, shina bugawa da masefi. Haka ake saƙar fari.

In ana son ado, hanya biyu ce.

Hanya ta farko: masaƙi shi tsaya da jifa. Shi ƙidaya zaren tsaye da yatsa, shi ɗaga waɗansu, shi bar waɗansu. Shi sa zaren launi ƙarƙashin waɗanda ya ɗaga. Sannan shi jefa ƙoshiya shi kulle. Layi bisa layi, zane shina fitowa. Haka ake yin tera-tera.

Hanya ta biyu: zaren launi shi ne abawar kanta. Ja shina kai da komowa cikin wurinshi kaɗai. Baƙi shina kai da komowa cikin nashi wuri. Ana bugawa sosai har zaren tsaye shi ɓace, ba a ganin shi ko kaɗan. Wurin da launi biyu sunka gamu, wajibi ne a sarƙe su, ko a ɗinke daga baya. In ba haka ba, tsaga za ta fito. Wagga hanya ta fi cin lokaci, amma aikinta ya fi ƙarfi da kyau.

Wuyar aikin ga ta nan. Bargo ba ƙwarya guda ba ne. In ƙwarya 12 za a haɗa, sai zanen kowace ya faɗa daidai da na ƴar uwarta. In guda ta fi da faɗin yatsa, duk bargon ya karkace. Don haka tsofaffin masaƙa ke aje kara mai shaida, suna awo da shi kowane zane. Kuma ba su son wani shi taɓa musu masefi, don bugun hannu biyu ba shi zama ɗaya.

DARASI DAGA NESA

Akwai ƙasashen da sunka mai da saƙar ado babban arziki.

Cikin Faransa akwai ƙaramin gari mai suna Obison. Mutanen garin sun yi shekaru ɗaruruwa suna wannan aiki. Mai zane shina zana hoto bisa takarda, shi sa ma kowane launi lamba. A shimfiɗa takardar ƙarƙashin zaren tsaye. Masaƙi shina bin ta, shina aiki ta bayan tufa. Ba shi ganin aikinshi duka sai ranar da anka yanke shi daga masaƙa. Mutum guda yakan yi wata guda bisa abin da bai wuce mitir ɗaya tsawo da mitir ɗaya faɗi ba. Cikin shekara ta 2009 hukumar UNESCO ta sa saƙar Obison cikin kayan gadon duniya.

Ƙasar Senegal ta ga haka, ta ce ita ma tana iyawa. Cikin shekara ta 1966 shugaba Senghor ya buɗe gidan saƙar ado a garin Ciyas. Mai zane Papa Ibra Tall shi ne ya shugabanci gidan da farko. An aika samari Faransa sunka koyo aikin, sunka komo gida, sunka riƙa saƙa hotunan da ƴan Senegal sunka zana. Aikin Ciyas ya kai har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Niyok.

Ƙasar Masar kuma ta bi wata hanya. Farkon shekarun 1950, wani magini mai ilimi, Ramsis Wisa Wasif, ya tara yaran ƙauyen Haraniya, kusa da Alƙahira. Ya ba su masaƙa da zare. Bai ba su takardar zane ba. Ya ce kowa shi saƙa abin da ke cikin kanshi: dabino, raƙumi, tsuntsu, kasuwa. Ya shuka itatuwan rini cikin garka don su rina zarensu da kansu. Yaran nan ɗiyan manoma ne, kamar ɗiyan Afala. Aikinsu ya shiga manyan gidajen tarihi na duniya.

Darasin shi ne: ba sai ɗan birni ke iya zane ba. Wanda ya san kamar raƙumi da rumbu da dutsin Adar, shina da abin da zai saƙa.

MI YA KASSARA SAƘA?

Dalilai suna da yawa, kuma ya kamata a faɗe su a fili.

Na farko, tufafin inji. Atamfa da bargon kanti sun fi araha. Nijar ma ta buɗe masaƙar inji a Yamai ƙarshen shekarun 1960, wadda anka fara kira NITEX, daga baya SONITEXTIL. Bayan nan bosho ya cika kasuwanni, ga tabarmin roba.

Na biyu, kaɗa ta zama ta sayarwa. Tun shekarun 1950 kamfani ya shiga sayen kaɗa cikin Majiya, anka kafa injin gurza a Madawa. Manomi ya samu kuɗɗi, amma mazari ya rasa abin kaɗi.

Na uku, fari. Yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, sun watsa gidaje da yawa. Mai neman abin da zai ci ba shi sayen bargon ado.

Na huɗu, tsadar zare. Cikin watan Janairu na 1994 anka karya darajar kuɗɗin sefa da rabi. Duk abin da ke zuwa daga waje ya hau, har zare da garin rini.

Na biyar, biɗa. Da an gama girbi, samarin Adar sun kama hanyar Abijan, ko Najeriya, ko Libiya. Rani kuwa shi ne lokacin da ɗa ke zama kusa da uba shina koyon sana'a. Tsoho ya zauna shi kaɗai gindin icce. Ranar da ya kwanta dama, zanen da ke cikin kanshi ya bi shi kushewa. Wannan ita ce babbar hasara, don ba kasuwar da ake sayo ta.

Ba a ce kowa shi bar biɗa ba. Biɗa tana ciyar da gidaje. Amma ba kowa ke tafiya ba. Akwai mata, akwai yara, akwai masu rauni ga ƙafa, akwai waɗanda sunka gaji da hanya. Su wagga sana'a za ta amfana.

AMFANIN KARATU GA MASAƘI

Ga inda kuke da abin da kakanninku ba su samu ba. Kun iya riƙe alƙalami. Kun iya lissafi. Kayen da kuke rubutu ciki, mai gida gida, shi ne kayan aikin mai zane.

Ga misali. A ce ƙwarya tana da zaren tsaye 60. Ku ɗauki gida guda na kaye ya zama zare 4. Ke nan faɗin ƙwarya gida 15 ne. Ku ja layi, ku keɓe gida 15. Layi na farko, ku cika gidan tsakiya, wato na 8. Layi na biyu, ku cika gida 3 na tsakiya. Na uku, gida 5. Na huɗu, gida 7. Daga nan ku riƙa ragewa: 5, 3, 1. Kun fid da zane mai kusurwa huɗu. Masaƙi shi duba layi na farko, shi san zare 4 zai ɗaga. Layi na biyu, zare 12. Na uku, zare 20. Na huɗu, zare 28. Ba kuskure, ba mantuwa.

Ku sa ma kowane launi lamba: 1 fari, 2 baƙi, 3 ja, 4 rawaya. Ko ba ku da alƙalamin launi, lamba ta isa.

Ga misali na biyu, na awo. Ana son bargo mai tsawon mitir 2. Kowace ƙwarya faɗinta santimitir 10. In an haɗa ƙwarya 12, faɗin bargo santimitir 120 ke nan. Tsawon saƙa duka: 12 sau 2, mitir 24. Ku ƙara kaɗan bisa haka wurin wadari, don zare shina tsukewa, kuma ƙarshenshi ba shi saƙuwa.

Ga misali na uku, na kuɗɗi. Wannan misali ne kawai, don farashi shina canzawa. Kowa shi sa na kasuwarshi.

Zare: jika 9.
Rini: jika 2.
Ɗinki: jika 1.
Jimla: jika 12.

Aikin ya ci kwana 15. In masaƙi ya yanka ma kanshi jika 1 kowace rana, ladanshi jika 15 ne. Kuɗɗin bargo ya zama jika 27. To, in dillali ya taya jika 20, masaƙi ya sallama, mi ya samu? A fid da jika 12 na kaya, saura jika 8. A raba jika 8 ga kwana 15, kowace rana dala 100 da ƴan kai. Rabin ladanshi ke nan da kaɗan. Masaƙa da yawa sun bar sana'a don suna faɗuwa ba su sani ba. Suna ganin kuɗɗi ga hannu, ba su lissafa kwanakinsu ba. Wanda ya rubuta, ya san inda zai tsaya ga ciniki.

MAGANAR RINI

Kyan zane launi, kyan launi kada shi zuba. Bargon da ya zuba ga wanki na farko ya kashe kasuwar mai shi, ya kashe ta maƙwabcinshi.

Daji shina da rini. Baba shina ba da shuɗi. Karan dafi, in an sa mishi kanwa, shina ba da ja. Ɗiyan bagaruwa da kashin maƙera suna ba da baƙi, kamar yadda dukawa sunka sani. Saiwar rawaya da gangamau suna ba da rawaya. Mai tonon saiwa shi bar wata cikin ƙasa, don ta sake tohowa baɗi.

In zaren kanti za ku saya, ku gwada shi. Ku jiƙa guntu, ku murza shi ga farin ƙyalle. In ƙyalle ya kama launi, ku bar zaren nan. Ku kuma saye zaren da zai ishe aiki gaba ɗaya, don ja na yau da ja na wata mai zuwa ba su cika zama ɗaya ba. Mai aiki da garin rini na kanti shi kiyaye hannunshi da idonshi. Kada a zuba ruwan rini kusa da rijiya. Tukunyar rini kuma ba ta komawa ga tuwo.

INA KASUWA?

Kasuwa ta farko tana cikin gari. Duk shekara ana aure. In iyaye mata sunka yarda kowace amarya ta shiga ɗaki da zane guda na saƙar hannu, masaƙi ya samu aikin rani duka.

Ta biyu, kasuwar Tawa ta ranar Lahadi, inda Adarawa da Buzaye da Fulani ke gamuwa. Ta uku, ƴan biɗa da kansu. Mai tafiya Abijan shina iya ɗaukar zane biyu cikin jikka, shi nuna ma ƴan uwa da ke can.

Ta huɗu, Yamai. Gidan tarihi na ƙasa, wanda anka buɗe cikin shekara ta 1959, mai sunan Bubu Hama, ya daɗe shina aje masu sana'ar hannu, har da masaƙa, suna aiki gaban baƙi. Akwai unguwar masu sana'a ta Wadata. Akwai kuma SAFEM, babban baje kolin sana'ar mata. Mutanen birni ba su cika biɗar babban bargo ba. Sun fi son ƙaramin zane na ratayawa ga bango, ko na shimfiɗa bisa tebur. Ƙaramin aiki shina ƙarewa da wuri, zarenshi kaɗan, kuɗɗinshi na komowa da sauri. Mai koyo shi fara da shi.

Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Mutum guda ba shi iya biyan mota zuwa Yamai don zane biyu. Mutum goma in sun haɗa kai, suna sayen zare a sari, su aiki mutum guda da kayan kowa. Sai dai a rubuta komi cikin kaye: sunan mai kaya, yawan kaya, kuɗɗin da anka yanka. Rubutu shi ke tsare zumunci.

ABIN DA ZA A YI RANIN BANA

1. Kowace cibiya ta binciko masaƙa da masu kaɗi da sunka rage cikin garinta, ta rubuta yawansu.
2. Ɗalibai biyu su tafi wurin kowane tsoho, da ladabi, da goro. Su roƙe shi sunan kowane zane da ƙidayar zarenshi, su zana cikin kaye. A rubuta sunan mai zane bisa shafi, don haƙƙinshi ne.
3. Iyaye mata su fiddo tsofaffin zannuwan da ke cikin adaka, a kwafi zanensu, a mayar musu da abinsu.
4. A samu yaro ko yarinya, ko da biyu ne, su zauna ga koyo. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.
5. Mai koyarwa a biya shi. Gari shi shirya abin da zai ba shi, ko hatsi ko kuɗɗi.

Dattawa masu sana'a, kada ku ɓoye sani. Abin da kunka gada amana ce, a miƙa ta gaba. Samari, kada ku ce saƙa aikin tsofaffi ce, ko aikin wasu gidaje kaɗai. Sana'ar da ke ciyar da mutum da halali ba ta da ƙasƙanci. Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah shi ba da rani lafiya, shi sa albarka ga hannuwanku. Wassalamu alaikum.

TAMBAYOYI DON MAHAWARA

1. Masaƙa nawa sunka rage cikin garinku? Shekarunsu nawa?
2. In ƙwarya tana da zare 80, gida guda zare 4, gida nawa za a keɓe cikin kaye?
3. In kayan aiki jika 10 ne, aiki ya ci kwana 12, ladan rana jika 1, nawa za a sai da zanen?
4. Wane zane kuke so ya zama shaidar garinku?